Kafin ka yarda da lambar da na'urar auna suga ta nuna

Mai ciwon suga da ke auna jininsa a gida ya fi mai jiran ranar asibiti sanin halin da yake ciki. Sai dai 'yar na'urar nan abin da aka ɗiga mata shi take karantawa, kuma da lambar da ta nuna ne mutum zai ƙara allurar insulin ko ya rage, ya ci tuwo ko ya haƙura.

Sau da yawa daga yatsa kuskure ke farawa. Wanda ya ɓare mangwaro, ko ya ɗauki dabino, ko ya sha rake, zaƙin na nan maƙale a fatarsa ko da ido bai gani ba. Da ya huda yatsa sai jinin ya kwaso zaƙin, na'ura ta ce suga ya hau alhali ƙalau yake. In ya biye mata ya ƙara insulin, sugan na iya faɗuwa har ya sume. A wanke hannu da sabulu, a tsane shi sarai, domin lema kan sirka jini lambar ta sauka. A huda gefen yatsa, can ya fi sauƙin zafi, kuma kada a matse shi da ƙarfi kamar mai tatsar saniya, don ruwan jiki zai biyo jinin.

Sai tsinken gwaji, wanda a ganina shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A bakinsa akwai sinadarin da zafi da danshi ke lalatawa, shi ya sa yawancin kamfanoni ke rubuta cewa kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 30. To, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin Afrilu kan haura 40. Gwangwanin da ya yini a mota, ko aka bar murfinsa a buɗe da damina, tsinkensa ba abin dogaro ba ne. Haka wanda aka saya ɗaiɗai a ƙulle a leda saboda tsada, ba a san ranar ƙarewar aikinsa ba.

Ma'auni ma kan rikita mutane. Na'urorin gida da yawa da mg/dL suke ƙirga, ɗakunan gwaji da dama a Najeriya da mmol/L, a Nijar kuwa an saba da g/L. Ke nan 126 da 7 da 1.26 duk suga ɗaya ne. Mai son mayar da mmol/L zuwa mg/dL sai ya ninka da 18.

Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ta ba yawancin manya shawarar 80 zuwa 130 mg/dL kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayan awa biyu, amma likita na iya sauya wa tsoho ko mai juna biyu nasa. Ƙasa da 70 haɗari ne: a sha babban cokali ɗaya na suga ko zuma, a sake aunawa bayan minti 15. Ko lafiyayyar na'ura, ƙa'idar duniya ta 2013 ta yarda ta kauce da kashi 15 cikin 100, don haka 200 na iya zama 170 ko 230. Idan lamba ta saɓa da yadda jiki ke ji, ana rawar jiki da gumi amma ta ce komai daidai, a wanke hannu a maimaita da sabon tsinke.

Gwajin HbA1c na asibiti yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Amma sikila da ƙarancin jini da ƙarin jini na kwanan nan duk suna iya karkatar da shi, kuma sikila ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, saboda haka a faɗa wa likita tun kafin a ɗebi jini.

Abin da ya fi damuna shi ne masu daina aunawa da azumi don tsoron kada ya karye. Huda yatsa ba ya karya azumi. Jagorar da Tarayyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar kan Ramadan ta ce a sha ruwa nan take idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura kaɗan a kira magariba.