Bayani A Kan Baƙin Dutse Da Shaidun Asalinsa

Ya kai mai karatu, ka sani shi dutse yana da nasaba, kuma shaidunta suna cikin jikinsa. Ɗauki ɓarin falalen dutse irin namu na Madadi, a ƙasar Gwarzo da Kabo, ka duba. Za ka ga ƙwayoyi manya, fari da ja-ja da baƙi mai walƙiya. Girman nan nasu alama ce ta narkakken dutse da ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa, bai fito sarari da zafinsa ba.

Amma baƙin dutsen Biu ta Barno, da na Panyam da Kerang a tudun Jos, wanda masana ke kira basal, shi kam ƙasa ce ta amayo shi. Ya huce da gaggawa, saboda haka ƙwayoyinsa ba sa ganuwa sai da madubin likita, in banda waɗansu 'yan tsirari tsanwaye da ake ce wa olibin. A shekarar 1922 wani masani, Norman Bowen, ya bayyana cewa ma'adinai ba sa daskarewa gaba ɗaya, bi da bi suke yi, olibin kuwa yana cikin na farko, tun zafi yana wajen awo 1,200.

Mafi ban mamaki, a Miringa kusa da Biu akan fasa baƙin dutse a tarar da koren dunƙule a ciki. Wannan baƙo ne. Narkakken ne ya ɓamɓaro shi daga ƙarƙashin ɓawon ƙasa, zurfin da ya haura mil 20, ya yo sama da shi a guje. Da tafiyar ta yi nawa, da nauyinsa ya nutsar da shi a hanya. Haka kuma yawan sinadari dangin kanwa a dutsen Biu yana nuna ɗan kaɗan ne ya narke, a wuri mai zurfi. Ta nan aka gane ɗan'uwan Dutsen Kamaru ne, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

To, samarinmu masu zuwa haƙa, ku lura. Shuɗin yakutun da ake tsinta a ƙasar Jama'a, baƙin dutse ne ya ɗauko shi daga zurfi, da ya ruɓe ruwa ya zubar da shi a rafuka. Wanda zai sayar da akuyarsa ya tafi neman irinsa, ya fara duba ko akwai baƙin dutsen a tudun da rafin ya gangaro.