Bora da tatsuniyar kocin Bature

Tun da aka miƙa wa Eric Chelle ragamar Super Eagles a Janairun 2025, musun koci bai kwanta ba a gidajen kallon ƙwallo na Wudil. Da an sha kashi sai ka ji wani dattijo daga bencin baya yana cewa a nemo Bature irin Bora, wanda ya zo cikin wata shida ya doke Sifaniya. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bora Milutinović mutumin Sabiya ne, an haife shi a 1944. Ɗan wasan tsakiya ne da ya taka leda a Partizan ta Belgrade, ya ratsa Monaco da Nice a Faransa, ya ajiye takalmi a Pumas ta Meziko. Da ƙafarsa bai yi wani tashe ba, har yayansa Miloš ya fi shi suna. A benci ya yi fice: ƙasashe biyar ya jagoranta a Gasar Kofin Duniya biyar a jere, Meziko a 1986, Kosta Rika a 1990, Amurka a 1994, Najeriya a 1998, Sin a 2002.

To amma wa ya gina tawagar da ya tarar a nan? Clemens Westerhof ya shafe shekara biyar yana haɗa ta har ta ɗauki kofin Afirka a 1994. Bonfrere Jo ya ciyo zinare da yaran a Atlanta a 1996. Philippe Troussier ne ya samo tikitin zuwa Gasar Kofin Duniya ta 1998 a Faransa, hukumar ƙwallo ta sallame shi, sannan aka kira Bora a ƙarshen 1997.

Duk wanda ya san karar Wudil ranar Juma'a ya san mai turka daban, dillali daban. Mai turka ya yi wata da watanni yana ɗaukar dusa da harawa, dillali kuwa ya riƙe igiyar sa na awa biyu, mai saye ya tafi yana yabon dillali. Haka matar da ta shigo ɗakin girki tuwo ya riga ya nuna, ta kwashe, aka ce ta iya tuƙi.

Ba na rage wa Bora komai. Wasan Sifaniya a Nantes ranar 13 ga Yuni, kwana biyar da rasuwar Abacha, wasa ne. Garba Lawal ɗan Kaduna ya bugo ƙwallon da golan Sifaniya Zubizarreta ya tura ragarsa da hannunsa, Oliseh ya narka ta uku daga nesa, aka tashi 3-2. Abin da masu ba da labari ke tsallakewa shi ne Holan ta zuba mana 5-1 a wasan sada zumunta kafin gasar, kuma a zagaye na biyu Denmak ta yi mana 4-1, Tijani Babangida ne ya fitar da mu kunya da ƙwallo ɗaya.

A Meziko, inda ya kai wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, tun 1983 aka ba shi aiki. Amurka ma shekara uku ta ba shi. Kosta Rika ce kaɗai ya yi wa aikin gaggawa ya dace, su ma zagaye na biyun suka tsaya. Mu kuwa masu riƙe da hukumar ƙwallonmu har yau ranar tafiya suke fafe gora: Finidi George bai cika wata biyu a kujerar ba a 2024, Bruno Labbadia kuma an sanar da naɗinsa, ko filin atisaye bai taka ba maganar ta watse.