Chris Waddle: ɗan ƙwallon Ingila da ya yi suna a Marseille

A Ingila, da zarar an ambaci Chris Waddle, abin da ake fara tunawa shi ne fenaritin da ya ɓarar a birnin Turin, lokacin da Jamus ta Yamma ta fitar da Ingila a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 1990. A Marseille kuwa, har gobe "Magic Chris" ake kiransa.

An haifi Waddle a 1960 kusa da Newcastle, a arewa maso gabashin Ingila. Yana aikin masana'anta yana buga wa ƙaramar ƙungiyar Tow Law Town wasa, kafin Newcastle United ta ɗauke shi a 1980. Daga nan ya koma Tottenham a 1985.

A wannan shekarar ce aka haramta wa ƙungiyoyin Ingila shiga gasannin Turai, bayan bala'in filin wasa na Heysel inda mutum 39 suka mutu. Duk ɗan wasan da ke son gwada ƙwanjinsa da manyan Turai, sai dai ya bar Ingila. A ɗaya ɓangaren kuma, shugaban Marseille, Bernard Tapie, yana zuba kuɗi don ya kawo kofin Turai Faransa. A 1989 ya sayi Waddle a kan fam miliyan 4.5, kuɗin da ya sanya shi cikin ƴan wasa mafi tsada a duniya a lokacin.

Sauyin ya karɓe shi. Ƙwallon Ingila na wancan zamani na ƙarfi ne da dogon bugu, kuma ana son ɗan gefe ya riƙa komawa baya yana tare gida. A Marseille an sakar masa mara ya yi yanka da ƙafarsa ta hagu, yana ba Jean-Pierre Papin ƙwallo. Tare da Abedi Pele na Ghana da Basile Boli, haifaffen Abidjan, suka zama ƙungiyar da masoya ƙwallo a Afirka ta Yamma suka riƙa bibiya. Waddle ya ci gasar Faransa sau uku a jere: 1990, 1991 da 1992.

Wasan da ba a mantawa shi ne na Maris 1991, inda ya zura wa AC Milan, mai riƙe da kofin Turai, ƙwallo ɗaya tilo a filin Vélodrome. Ana dab da tashi wasu fitilun filin suka mutu, ƴan Milan suka ƙi ci gaba da wasa, hukumar UEFA ta dakatar da su shekara guda. Sai dai a wasan ƙarshe a Bari, Red Star Belgrade ta doke Marseille a bugun fenariti.

Abin mamaki, a daidai lokacin da tauraronsa ke haskawa a Faransa ne kocin Ingila, Graham Taylor, ya daina kiransa. Wasansa na ƙarshe cikin 62 da ya buga wa ƙasarsa ya kasance a 1991.

Ya koma gida a 1992, ya shiga Sheffield Wednesday, kuma marubuta labarin wasanni na Ingila suka zaɓe shi gwarzon shekarar 1993. A watan Mayun wannan shekara Marseille ta ɗauki kofin Turai, da ƙwallon da Boli ya sa da ka bayan kwanar da Abedi Pele ya bugo. Waddle ya bar ƙungiyar shekara ɗaya kacal kafin wannan rana.