BABI NA UKU: ZAFI DA ZUFA A RAYUWAR MAZAUNA BIRNIN KEBBI DA ARGUNGU

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi waiwaye a kan tarihin ƙasar Kabi tun daga zamanin Muhammadu Kanta har zuwa ƙirƙiro Jihar Kebbi a shekarar 1991. Wannan babi kuwa zai dubi wani abu ne da ya riga Kanta zama a wannan ƙasa, wato zafi, tare da dabarun da mazauna Birnin Kebbi da Argungu suke bi domin su zauna da shi. Garuruwan biyu duk suna bakin fadamar gulbin Rima ne, wanda mutanen wurin suka fi sani da Gulbin Kabi. Wannan zama na bakin fadama shi ya sa zafinsu ya kasu gida biyu, kuma dabarar da ta yi maganin ɗaya ba lalle ba ne ta yi maganin ɗayan.

3.1 Bambancin Zafi da Zufa

Bahaushe ya raba shekara zuwa damina da kaka da hunturu da bazara. A wannan yanki bazara takan kama ne daga watan Maris zuwa Mayu, kuma a watan Afrilu ba abin mamaki ba ne ma'aunin zafi ya haura digiri 40 da rana tsaka. To amma iskar farkon bazara busasshiya ce, domin laimar da ke cikinta takan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Wannan shi ne zafi na farko, wanda a karin harshen Kabi ake furtawa “zahi”. Yana busar da leɓe da maƙogwaro, yana ƙona tafin ƙafa, amma da mutum ya sami inuwa mai iska sai ya ji dama-dama.

Na biyu shi ne wanda ake kira zufa ko gumi, wasu kuma su ce jiɓi. Abin sha'awa a nan shi ne, kalmar da ake kiran ruwan da ke fita daga jikin mutum ita ce kuma ake kiran yanayin da ita, kamar a ce “yau ana zufa”. Wannan yanayi yakan zo sau biyu. Yakan zo a ƙarshen bazara, lokacin da iskar kudu maso yamma ta fara kawo laima daga teku, hadari yana haɗuwa yana watsewa ba tare da an sami ruwa ba. Yakan kuma dawo a ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, lokacin da ake kira agazari, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke amma fadama tana cike, rana kuma tana dukanta.

Dalilin da ya sa zufa ta fi zafi gallaza wa mutum, ko da ma'auni ya nuna digirinta bai kai na Afrilu ba, yana cikin yadda jiki yake sanyaya kansa ne. Zafin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne wajen digiri 37. Idan ya nemi wuce haka sai jiki ya fitar da gumi. Ba fitar gumin ce take sanyaya jiki ba, bushewarsa ce, domin duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake kansa. A busasshiyar iska gumi yakan bushe nan take. Idan kuwa iska ta riga ta ƙoshi da laima, kamar yadda takan haura kashi 70 cikin ɗari a tsakiyar damina, to ba ta da wurin karɓar wani ruwa. Sai gumin ya tsaya a fata, riga ta manne, ƙurajen zufa su feso wa yara a wuya da baya. Idan aka lura da kyau, yawancin dabarun gargajiya da za a ambata a gaba sun dogara ne a kan wannan bushewa.

3.2 Muhalli da Inuwa

Ginin gargajiya a waɗannan garuruwa iri biyu ne: soro, wanda ake ginawa da tubali a rufe da azara da ƙasa, da kuma ɗakin jinka. Kowanne da halinsa. Bangon soro yana da kauri, saboda haka zafin rana yakan daɗe kafin ya ratsa shi. Da azahar cikinsa da sanyi, amma da dare sai bangon ya fara sakin zafin da ya wuni yana sha, ɗakin ya koma kamar tanderu. Ɗakin jinka kuwa ba ya riƙe zafi. Iska tana ratsa ciyawar, kuma da rana ta faɗi yakan huce da wuri. Tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakuna suka zauna a cikinta har shekarar 1942 kafin a mayar da ita Gidan Tarihi na Kanta a 1958, misali ce ta irin ginin farko.

Saboda wannan hali na ginin, mazauni ba ya lizimtar wuri ɗaya. Da hantsi yana rumfa, da rana tsaka yana zaure ko soro, da la'asar sakaliya yana ƙofar gida inda aka yi yayyafi aka shimfiɗa tabarma, da dare kuma yana tsakar gida. Ke nan gidan Bahaushe ba ɗaki ba ne kawai, jerin wurare ne da ake bi gwargwadon tafiyar rana. Mata, waɗanda yawanci ba su da zaure ko dandali, su ne suka fi dogara ga rumfar tsakar gida, kuma su ne ke tsaye a gaban murhu a lokacin da maza suke neman inuwa. Wannan wani ɓangare ne da ba a cika kulawa da shi ba idan ana yabon hikimar ginin gargajiya.

Ta fuskar itatuwa, dogon yaro ne ya mamaye titunan garuruwan biyu, duk da cewa baƙo ne daga ƙasar Indiya da aka shigo da shi a zamanin Turawa. A gonakin tudu kuwa gawo ya fi kowane itace amfani ga manomi da makiyayi, domin shi yakan kaɗe ganye ne da damina, ya yi kore shar da rani, wato daidai lokacin da ake buƙatar inuwarsa. Giginya dai an san halinta, na nesa ka sha inuwarta, amma ita ke ba da azara, daga ganyenta da na goriba kuma ake saƙa tabarma da mafici da malafa.

Canjin da aka samu shi ne na bulo da kwano. Tun da Birnin Kebbi ta zama hedikwatar jiha, sababbin unguwanni irin su Gesse duk da siminti aka gina su. Ba za a ga laifin masu yin haka ba, domin soro yana buƙatar yaɓe kusan kowace shekara, kuma ambaliya irin ta 2010 da 2012 da 2020 ta nuna yadda ginin ƙasa yake narkewa idan ruwa ya kwanta a gindinsa. Sai dai ɗakin kwano marar silin, mai ƙaramar taga ɗaya, ya haɗa aibin ginin biyu: da rana ya fi ɗakin jinka zafi, da dare kuma bulon yana riƙe zafi kamar soro. Irin wannan ɗaki an yi shi ne da zaton fanka za ta riƙa juyawa, alhali kuwa wutar lantarki ba ta da tabbas.

3.3 Ruwa da Abin Sha

Randa da tulu su ne firijin talaka. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, ya bushe a bayan randar, bushewar kuma ta kwashe zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa ake girka randa a kan jiƙaƙƙen yashi a inda iska ke wucewa, wasu ma su naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Shi ya sa kuma sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyaya ruwa, domin kafofin tsohuwar sun toshe. A kan wannan hikima ce wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin lura shi ne, ruwan randa ya fi sanyi a watan Maris, lokacin da aka fi tsananin rana, a kan watan Agusta. Laima ce take kashe mata ƙarfi, kamar yadda take kashe ƙarfin gumi.

Abin sha kuwa sanannu ne: fura da nono, farau-farau, kunun zaƙi, zoɓo, ruwan tsamiya da lamurje. Fa'idar fura da farau-farau ita ce sun haɗa ruwa da abinci ga wanda zafi ya kashe wa sha'awar tuwo. Daga baya ƙanƙara da ruwan leda suka shigo, kuma kasuwarsu ba ta taɓa tashi kamar a azumin bazara ba. Daga 2020 zuwa 2024 watan Ramadan ya faɗo ne tsakanin Maris da Mayu. A cikin azumin 2024 ne aka yi wani matsanancin zafi a faɗin yankin Sahel, har ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu.

Wanka a gulbi wata hanya ce, musamman ga yara da samari. A Argungu, inda ake alfahari da iyo da wasannin kabanci, kuma bikin kamun kifi da aka fara a 1934 yakan zo ne a ƙofar bazara, shiga ruwa ba baƙon abu ba ne ga yaro. Illarsa ita ce tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance.

3.4 Tsarin Lokacin Aiki

Hausawa kan ce da safe ake kama fara. Manomi yakan fita bayan sallar asuba, ya dawo kafin rana ta take, ya sake komawa bayan la'asar. Masunci yakan kafa komarsa da yamma ko da dare. To amma noman shinkafa na rani, wanda ya bunƙasa sosai bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, ya taɓa wannan tsari. Ban-ruwa da korar tsuntsaye da yanka da bugu suna faɗowa ne a tsakiyar bazara, kuma a cikin fadama, inda babu itatuwa, ga tururi yana tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɗan ƙwadago a nan yana shan zafi da zufa a lokaci ɗaya. Jiri da ciwon kai da ɗaurewar jijiya alamu ne na cewa ruwa da gishirin jiki sun yi ƙasa. Idan kuwa mutum ya fara sambatu ko ya suma, sai a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

3.5 Kwanan Waje da Matsalar Sauro

A nan ne bambancin zafi da zufa ya fi fitowa fili. Da bazara kusan kowa a waje yake kwana: mata da yara a tsakar gida, samari a ƙofar gida ko dandali. Wannan al'ada tana da amfani fiye da neman barci, domin bazara ita ce lokacin sanƙarau. Jama'a kan ce zafi ne yake kawo shi. Gaskiyar ita ce ƙwayar cuta ce, amma busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma yana sauƙaƙa yaɗuwarta. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Cutar ta sake ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Kebbi a 2017, haka kuma a ƙananan hukumomin Gwandu da Aliero da Jega a farkon 2025. Saboda haka shawarar da ma'aikatan lafiya suke bayarwa ta a guji cunkoso a ɗaki ta yi daidai da abin da mutane suka saba yi.

Da an fara ruwa sai lissafin ya juye. Ƙasa ta jiƙe, hadari yana iya tasowa cikin dare, raɓa tana sauka, ga sauro ya cika gari. A kwana a waje sauro ya hana barci, a shiga ɗaki zufa ta hana. Ga mazauna bakin fadama ma, musamman kusa da gonakin shinkafar rani, sauro ba ya ɗaukewa gaba ɗaya ko da bazara. Fadamar da ke ba su kifi da shinkafa da iska mai sanyi da asuba ta zame musu inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya.

Gidan sauro shi ne maganin da aka sani, kuma an sha raba shi kyauta. Amma gidan sauro yana rage iskar da ke kaiwa ga jiki, kuma a daren zufa wannan 'yar iskar ita ce kaɗai abin da mutum ya dogara da shi. Uwar da ta ga ɗanta yana juyi, ya jiƙe sharkaf, takan ɗage gidan ne don tausayi, ba don jahilci ba. Sakamakon kuwa yana da nauyi. Binciken ƙasa na zazzaɓin cizon sauro da aka yi a 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Kebbi, tare da Bayelsa, domin fara allurar rigakafin cutar a watan Disamba 2024.

Dabarun da suke aiki a wannan lokaci su ne waɗanda ke motsa iska, ba masu ƙara ruwa ba. Yayyafi a ɗaki, wanda yake da daɗi a watan Maris, ƙara laima kawai yake yi a watan Oktoba. Abin da ke taimakawa shi ne taga biyu masu fuskantar juna da aka sa musu raga, da ɗaura gidan sauro a ƙarƙashin rumfa maimakon cikin ɗaki, da tufafin auduga masu yalwa, da kwanciya a gadon kara ko tabarma maimakon katifar soso. A shekarun baya-bayan nan fanka mai caji da ƙaramin faifan sola sun shiga gidaje da dama, har a ƙauyukan bakin gulbi da wutar gwamnati ba ta kai ba, kuma ana iya shigar da ƙaramar fankar cikin gidan sauro ta kwana tana juyawa a kan yara. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin magidanta da yawa, waɗanda har yanzu mafici ne a hannun matansu har barci ya kwashe su.