Me ya sa gidajen rainon yara a karkarar Amurka ba sa tsayuwa sai da kuɗin gwamnati?

A ranar 30 ga Satumba, 2023, wa'adin tallafin dala biliyan 24 da gwamnatin Amurka ta ware wa gidajen rainon yara ya cika. Kuɗin sun fito ne daga dokar farfaɗo da tattalin arziki da Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu a watan Maris na 2021, bayan annobar korona ta rufe dubban irin waɗannan gidaje. Fiye da masu sana'ar 220,000 ne suka karɓa, kuma majalisar dokokin ƙasar ba ta sabunta tallafin ba.

Yankewar tallafin ta samu karkara da tsohon ciwo. Binciken da cibiyar Center for American Progress ta fitar a 2018 ya nuna cewa kusan uku cikin biyar na yankunan karkarar ƙasar suna cikin abin da ta kira "hamadar raino", wato inda ko dai babu gidan raino mai lasisi sam, ko kuma yara fiye da uku ne ke jiran gurbi guda.

Dalilin yana cikin lissafin sana'ar. Jihohi da dama sun taƙaita mai raino ɗaya ga jarirai huɗu, domin kare lafiyarsu. Ke nan mai gidan ba ta da ikon cusa yara don ƙara riba, kuma mafi yawan abin da ya shigo a albashi yake tafiya, duk da cewa matsakaicin abin da ma'aikaciyar raino ke samu a 2023 bai kai dala 15 a awa ba. A birni, idan yaro ya fita wani zai maye gurbinsa. A ƙauyen da gidaje ke nesa da juna, ƙaurar iyalai biyu ta isa ta jefa gidan raino cikin bashi, alhali haya da inshora da wuta ba su ragu ba. Idan aka ƙara kuɗi iyaye su janye yaransu, idan aka rage albashi ma'aikata su koma kantuna. Gidan na rufewa, sau da yawa uwa ce ke ajiye aikinta.

A nan ne hanyar da kuɗin gwamnati ke bi take da muhimmanci. Tsohon tsari shi ne a biya wa iyaye masu ƙaramin ƙarfi wani ɓangare na kuɗin raino, sai dai takardar tallafi ba ta da amfani inda babu gidan da za a kai yaro. Tallafin 2021 kuwa kai tsaye ya shiga hannun masu gidajen, suka biya albashi da haya. Gyaran ya yi daidai, illarsa kawai ya zo da ranar ƙarewa.

Wasu jihohi sun nemi kuɗin da ba ya yankewa. Vermont, ɗaya daga cikin jihohin da mafi yawan jama'arsu ke zaune a karkara, ta kafa harajin kashi 0.44 cikin ɗari a kan albashi a 2023, bayan 'yan majalisarta sun yi watsi da hawa kujerar na-ƙi da Gwamna Phil Scott ya yi. A New Mexico kuwa, kimanin kashi 70 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a 2022 a riƙa ɗiba daga asusun dindindin da kuɗin mai da iskar gas ke ciyarwa. Daga 1 ga Nuwamba, 2025, raino ya zama kyauta ga kowane iyali a jihar, komai yawan abin da yake samu.

Amma kyauta ba ta gina ɗaki, ba ta kuma samar da mai raino. Gwamnatin Michelle Lujan Grisham da kanta ta ce jihar na buƙatar ƙarin ma'aikata kimanin 5,000 kafin alkawarin ya isa ga kowane yaro.