Karen Gida Mai Cizon Yara: Nazari a Kan Matakan Yanke Masa Hukunci

1.0 Gabatarwa

Kare daɗaɗɗen ma'aikaci ne a wurin Bahaushe, ko da yake ba ɗaki ɗaya suke kwana ba. Mafarauci kan yi kiwonsa domin daji, makiyayi domin garke, manomi kuwa domin gona da rumbu. A birane ma, matsalar tsaro ta sa magidanta da dama suna ajiye manyan karnukan ƙetare irin su Alsatian da Rottweiler da Boerboel, waɗanda akan ɗaure da rana a sake su da dare. Rigima kan taso ne ranar da karen da aka ajiye domin ɓarawo ya juya kan ɗan masu gida. Manufar wannan takarda ita ce bayyana matakan da suka kamata magidanci ya bi a irin wannan hali. Za a nuna cewa hanyoyi biyun da aka fi bi, wato kashe karen nan take cikin fushi, ko kuma kau da kai da sunan tsautsayi, duk suna barin yaro cikin haɗari.

2.0 Dalilan da Kan Sa Kare Ya Ciji Yaro

Ba kasafai kare kan ciji ɗan gida haka siddan ba. Dalilan da masana halayyar dabbobi suka fi ambata su ne tsoro, da ciwo a jiki, da kishin abinci, da kishin 'ya'ya idan karya ce mai jego. Akwai kuma rashin sabo: kwikwiyon da bai yi cuɗanya da yara ba a watanni ukun farko na rayuwarsa yakan girma yana ɗari-ɗari da su. Karen da ya wuni a sarƙa cikin rana, yara na jifarsa, shi ma yakan ɗauki kowane yaro a matsayin abokin gaba.

Yaro kuwa ya bambanta da babba ta fuska biyu. Na farko, tsayinsa daidai yake da bakin kare, saboda haka cizon yakan same shi a fuska ko wuya. Na biyu, bai san gargaɗi ba. Masu iya magana kan ce, in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Kafin kare ya yi cizo yakan kau da kai, ya lashi baki, ya sandare, ya yi gurnani, sannan ya yage leɓe. Babba zai ja da baya, amma yaro sai ya ƙara matsawa. A nan ne magidanta da yawa ke kuskure, domin sukan doki kare idan ya yi gurnani. Dukan ba ya cire masa tsoron da ke ransa, gargaɗin kawai yake kashewa, sai a wayi gari yana cizo ba sanarwa.

3.0 Matakin Farko: Kwanaki Goma

Idan cizo ya auku, tambayar farko ta shafi ran yaron ne, makomar karen tana baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomin ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Sai dai ƙwayar cutar kan ɗauki lokaci, yawanci wata biyu zuwa uku, kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tazara ce Louis Pasteur ya yi amfani da ita a 1885, lokacin da ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da allurar rigakafi a Faransa.

Abin yi shi ne a wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da yaron asibiti a ranar, a bar wa likita hukuncin fara allura. Ƙona gashin karen a shafa a raunin, kamar yadda ake yi a wasu wurare, ba ya maganin komai. Shi kuwa karen, sai a kulle shi inda ba mai kai wa gare shi, a ba shi ci da sha, a zuba masa ido kwana goma. Hikimar ita ce, karen da ya kai matsayin yaɗa cutar ta yawunsa ba ya wuce wannan wa'adi bai nuna alama ko ya mutu ba. Ba a jinkirta allurar yaron domin jiran wa'adin. Sakamakonsa dai yakan taimaki likita. Wanda ya kashe karen ya jefar, ko ya kore shi, ya rasa wannan shaida. Idan karen ya mutu a tsare, likitan dabbobi ne zai aika da kansa ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

4.0 Auna Girman Haɗari

Bayan an kawar da zargin hauka, sai a dubi abubuwa uku. Na farko shi ne munin cizon. Wani likitan dabbobi mai suna Ian Dunbar ya kasa cizo hawa shida. A hawa na ɗaya da na biyu haƙori bai huda fata ba. A na uku ya huda amma bai yi zurfi ba. Daga na huɗu kuwa fiƙa ta nutse fiye da rabinta, sau da yawa karen ya riƙe yana girgizawa. Na biyar shi ne maimaita irin wannan cizo, na shida kisa. Karen da ya tsaya a hawa biyun farko yana iya kame bakinsa, wanda ya kai na huɗu kuwa babu dalilin zaton na gaba zai fi sauƙi.

Na biyu shi ne sanin musabbabi. Karen da ya yi cizo saboda ciwon kunne ko an taka masa wutsiya ya bambanta da wanda ya bi yaro da gudu ba tare da tsokana ba. Na uku shi ne tsarin gidan. Shawarwarin da ake samu a littattafan Turai an gina su ne a kan gida mai yara biyu da ƙofa ɗaya a kulle. Gidan Bahaushe kuwa ba ya rabuwa da 'ya'yan maƙwabta da 'yan aike da almajirai da 'yan talla. A irin wannan gida, alkawarin cewa za a riƙa lura ba abin dogaro ba ne, domin mantuwar rana ɗaya ta isa.

5.0 Hanyoyin da Ke Gaban Magidanci

Hanya ta farko ita ce riƙe karen tare da gyara. Ta dace da cizo mara muni wanda aka san dalilinsa. Sharuɗɗanta su ne keji mai makulli, da takunkumi idan za a fito da shi, da ciyar da shi nesa da yara, da allurar rigakafi a kan kari, da kuma horo na lallashi a hannun masani. Ba a barin yaro da shi su kaɗai ko da na ɗan lokaci ne.

Hanya ta biyu ita ce sauya masa mazauni, a kai shi gona ko wani wurin gadi da yara ba sa zuwa. Sharaɗinta shi ne faɗa wa mai karɓa gaskiyar abin da ya faru. Bayar da kare mai cizo a ɓoye, ko yasar da shi a bayan gari, ɗauke masifa ce daga ɗan wani a ɗora wa ɗan wani.

Hanya ta uku ita ce kawar da shi ta hannun likitan dabbobi, da allurar da ba ta da azaba. Ita ce ta rage idan cizon ya yi muni, ko ya maimaitu, ko babu wurin da zai zauna lafiya. Guba da jifa da duka ba su da gurbi a nan. Gubar ma takan faɗa wa kaji da awaki, wani lokaci har da yara. Fiƙihun Musulunci ya halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da gona, ya kuma halatta kashe mai cizo, amma ya hana azabtar da dabba. Dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila ita ma tana ɗora alhakin ɓarna a kan mai kare muddin ya riga ya san halinsa. Ke nan, daga cizon farko uzurin rashin sani ya ƙare.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa hukuncin kare mai cizon yara yana da jeri: a raba shi da yara, a ceci wanda aka ciza, a cika kwana goma, a auna haɗari, sannan a zaɓi hanya. Abin da kan hana magidanci bin wannan jeri shi ne shaƙuwa da karen, ko tunanin kuɗin da aka kashe wajen sayensa. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka ta. An ajiye kare ne domin tsaron mutanen gida, kuma yara su ne suka fi kowa buƙatar wannan tsaro. Duk hukuncin da za a yanke, da lafiyarsu ya kamata a auna shi.