Yadda Ƙwayoyin T Ke Gane Gutsattsarin Antibodi

Ƙwayoyin T, waɗanda suke cikin fararen ƙwayoyin jini, ba sa gane furotin yana ɗungurungum. Sai wata ƙwaya ta daddatsa shi, ta ɗora ɗan guntu a kan wani furotin mai suna MHC, ta fito da shi saman jikinta. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka gano a 1974 cewa sai da MHC ƙwayar T ke ganin baƙo, aka ba su kyautar Nobel a 1996.

Antibodi, makamin da ƙwayoyin B ke ƙerawa don cafke ƙwayoyin cuta, shi ma furotin ne, kuma daddatsa shi ake yi. Ƙwayoyin T sun saba da gangar jikinsa, ba sa tanka mata. Bakinsa kuwa, inda yake damƙar cuta, kowace ƙwayar B da irin nata, domin ƙwayoyin gadon da ke tsara wurin suna cakuɗewa, suna kuma sauyawa. Guntun da ya fito daga nan yana iya zama abin da jiki bai taɓa gani ba. A 1989, Siegfried Weiss da Bjarne Bogen ɗan Norway suka nuna, ta amfani da ƙwayoyin ɓeraye, cewa ƙwayar B kan gutsuttsura antibodin da ita kanta ta ƙera, ta miƙa wa ƙwayoyin T mataimaka a kan MHC aji na biyu.

A asibiti ne wannan ilimi ya fi amfani. Maganin OKT3, da aka amince da shi a Amurka a 1986, antibodin ɓera ne, kuma jikin majinyata da yawa ya ƙera wani antibodin ya yaƙe shi. Ko adalimumab, mai zubin na ɗan Adam zalla, bai tsira ba, don a wasu majinyata ƙarfinsa kan ragu.

Allurar maganin dafin maciji ma antibodin doki ce ko na tunkiya. Ƙwayar B ta kama shi, ta nuna guntunsa, ƙwayar T ta ba ta izinin kai hari. Shi ya sa bayan mako ɗaya ko biyu wasu kan yi zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Wannan yana da magani, bai kuma isa dalilin ƙin allurar ba, domin dafin kububuwa kisa yake yi.